Miskin na Bakin Iyaka: Tashe da Faɗuwar Wani Madugun Daji

A daren 19 ga watan Maris na shekarar 2015 wata motar fasinja ta taso daga Bertuwa ta ƙasar Kamaru ta nufo arewa, ɗauke da mutanen Lagdo waɗanda suka je ta'aziyya suna komowa gida, cikinsu har da magajin garin, Mama Abakai. Da ta iso kusa da Garwa-Bulai, inda hanya take bin gefen iyakar Afirka ta Tsakiya, sai waɗansu mutane suka ɓullo daga duhu riƙe da bindigogi, suka tsai da ita, suka sauke na ciki, suka tasa ƙeyarsu zuwa daji. Kafin gari ya waye labari ya iso mana Garwa, kuma bai zo mana a matsayin labarin nesa ba, gama Lagdo maƙwabciyarmu ce: daga madatsar ruwanta da ke kan Binuwai wutarmu take zuwa, daga tafkinta kifin kasuwarmu yake fitowa, kuma da wuya a sami unguwa a garin nan wadda ba ta da ɗan'uwa ko suruki a can. Wata goma sha shida mutanen nan suka yi a hannun waɗanda suka kama su. A watan Yuli na 2016 aka sako su, ramammu, waɗansu ba su iya tsayuwa sai an riƙe su. Waɗansu kuwa ba su dawo ba, ajali ya riske su a dajin.

A cikin watannin nan ne wani suna ya yawaita a bakin mutane, a majalisu da tashoshin mota da shagunan masu shayi, watau Abdullahi Miskin, wanda takardun Faransanci suke rubutawa Abdoulaye Miskine. Jaridun Kamaru sun jingina aikin ga mutanensa, domin dajin da aka shiga da fasinjojin shi ne dajin da suke zaune a ciki. Shi kansa kuwa a lokacin yana Barazabil, a inuwar shugaban ƙasar Kwango. Zargi ba hujja ba ne, kuma ban zauna a kujerar alƙali ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan mutum shi ne, tarihinsa yana nuna wa mai lura yadda ake haifar madugun daji a wannan yanki namu, da wanda yake shayar da shi har ya yi ƙarfi, da kuma sababin da yake sa a wayi gari an yar da shi.

Sai mu fara da kalmar da mutanen arewacin Kamaru da kudancin Cadi suke kiran masu tare hanya da ita, watau zargina. Kalmar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, gama ita ce sunan shuɗin nan da mata suke sa wa farin tufafi wajen wanki. Kuma masu bincike sun ce sunan ya bi 'yan fashin ne saboda suna shafa wannan shuɗi a fuska kafin su fito bakin hanya. Mai hankali zai tsaya a nan ya tambayi kansa: me zai sa baƙon da ya zo daga wata ƙasa ya ɓoye fuskarsa ga wanda bai taɓa ganinsa ba? Ba ya shafa zargina sai wanda yake tsoron a gane shi, kuma ba a gane mutum sai in an san shi. Tun daga sunan, ashe, an riga an faɗa mana cewa ɓarnar tana da hannun gida.

Wanda ya san yadda sana'ar take tafiya ya san hawa uku gare ta. A ƙasa akwai yaran daji: makiyayin da fari ko annoba ko wani ɓarawon ya raba shi da garkensa, da sojan da yaƙinsa ya ƙare ba a sallame shi da komai ba sai bindigar da ke kafaɗarsa, da saurayin ƙauye mai babur wanda yake kai gari da sukari da batir zuwa sansani, da ɗan rahoto wanda yake yini a tike yana gaisawa da dillalai, alhali idonsa na kan falken da ya sayar da bijimai ashirin ya cusa kuɗin a lalita. A sama akwai ɓarawon zaune, wanda ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙaya ba, yana cikin gari da babbar riga da mutunci, shi yake ba da hayar bindiga, shi yake sayen shanun sata da araha ya haɗa su da na halal, shi ne kuma yake da wanda zai kira in an kama yaro. Tsakanin waɗannan biyu akwai madugu, wanda ya san daji kamar yaran, ya kuma san ƙofar manya, yana iya magana da harshen kowane ɓangare. Kuma dukan darajarsa tana rataye ne ga abu guda, watau buƙatar da na sama suke da ita gare shi. Malam Saibu Isa na Jami'ar Marwa, wanda ya wallafa littafi a kan tarihin masu tare hanya a yankin tafkin Cadi a 2010, ya nuna cewa al'amarin ya girmi zuwan Turawa. Wata Ba'amurkiya mai nazarin al'umma kuma, Janet Roitman, da ta zauna da mutanen da ke cin abinci a bakin iyakokin nan, ta tarar da yawansu ba su kiran abin da suke yi sata, aiki suke ce masa. Wannan magana ta fi ba ni tsoro bisa ga ƙarar bindiga, domin wanda ya san yana saɓo ana sa ran tubansa, amma wanda ya ɗauki saɓo sana'a, da safe zai yi sammako gare shi.

Abin da ya mai da tsohuwar sata ta kwari da baka ta zama fitinar da muka sani shi ne yaƙe-yaƙen Cadi, tun daga rikicin Injamena na 1979 har zuwa faɗuwar Hissene Habre a 1990, waɗanda suka watsa bindigogi ƙirar Kalashnikov da mayaƙa marasa albashi a kan dukan iyakoki. Sa'an nan a Kamaru aka zaftare albashin ma'aikata a 1993, aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, talauci ya shiga gidajen da ba su san shi ba. Waɗanda suka yi tafiya a shekarun nan suna tune da yadda motoci suke taruwa su jira rakiyar soja kafin su kama hanyar Marwa zuwa Kusiri, da yadda 'yan kasuwa masu komowa daga kasuwar Adumri ko ta Mbaimbum suke rarraba kuɗinsu, kaɗan a aljihu domin a miƙa in an tare, sauran a ɗinke cikin wando ko a ƙarƙashin buhun gero. Ni kaina na taɓa kwana a tasha saboda direba ya rantse ba zai shiga dajin da ke tsakanin Garwa da Ngaundare bayan la'asar ba, kuma babu fasinja ɗaya da ya yi masa gardama.

A 1998 hukuma ta aiko da runduna ta musamman ta jandarmomi zuwa Marwa a ƙarƙashin Kanar Pom, wadda mutane suka sani da sunan antigan. Hanyoyi sun yi sauƙi, wannan gaskiya ne, kuma fatake da yawa sun yi mata addu'a. Amma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, na gida da na waje, sun ƙirga ɗaruruwan mutane da aka kashe ba tare da an kai su gaban alƙali ba, ana tsintar gawarwaki a bakin hanya, kuma a irin wannan hali duk mai jin haushin maƙwabcinsa ya sami hanyar gamawa da shi da kalma ɗaya. Daga baya aka kafa wata bataliya a 1999, wadda a 2001 ta zama rundunar nan da kowa ya sani da sunan BIR. Zargina ba su ƙare ba. Sun dai gane cewa daji ɗaya ne, tuta ce uku, saboda haka suka riƙa kwana a ƙasar da sojanta ya fi rauni, suna cin kasuwa a sauran biyun. Ƙasar da ta fi rauni kuwa ita ce Afirka ta Tsakiya, kuma a can ne Miskin ya tashi.

Sunansa na yanka Martin Koumtamadji, an haife shi a 1965, kuma ya ɗauki sunan Abdullahi Miskin ne da ya musulunta. Hatta asalinsa sai da gwamnatoci biyu suka yi jayayya a kai: Injamena ta ce ɗan Cadi ne, tsohon ɗan tawayen kudancin ƙasar, Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, ta ce ɗanta ne, hafsan sojanta. Mutumin bakin iyaka ke nan, wanda kowace hukuma take iya karɓarsa ko ta musanta shi gwargwadon maslaharta a ranar.

Tashensa ya zo ne ta hanyar tsoron wani shugaba. A ranar 28 ga Mayu, 2001, aka yi yunƙurin kifar da shugaban Afirka ta Tsakiya, Ange-Felix Patasse, a Bangi, bai tsira ba sai da taimakon sojojin Libiya da mayaƙan Jean-Pierre Bemba waɗanda suka ƙetaro kogi daga Kwango ta Kinshasa. Daga nan ya daina amincewa da sojansa, ya tuɓe babban hafsansa Francois Bozize, shi kuwa ya gudu Cadi a watan Nuwamba tare da waɗanda suka bi shi. Da Patasse ya rasa wanda zai tsare masa arewa, sai ya ɗauko Miskin, ya ba shi runduna ta musamman a garin Kabo kusa da iyakar Cadi, aka ce aikinsa shi ne yaƙar masu tare hanya. Ba a daɗe ba makiyaya da fataken shanu 'yan Cadi suka fara kuka cewa wanda aka sa tsaron hanya shi ne yake tare ta, yana ƙwace dabbobi, yana kashe masu su da sunan zargina ne. An ba kura jiran akuya. A nan ne nake ganin asalin mas'alar duka, domin ɗan fashin da ke tsoron hukuma yana da haddin da ba ya ƙetarewa, amma wanda hukuma ta ɗinka wa kaki, ta ba shi takarda da hatimi, ta ce masa duk wanda ka kira ɓarawo ɓarawo ne, wannan an cire masa linzami, kuma ba shi ya cire wa kansa ba.

Rikicin ya kusa haɗa ƙasashen biyu yaƙi, har shugabannin yankin suka taru a Libarbil a farkon Oktoba na 2002, suka yanke cewa a nisantar da mutum biyu: Bozize ya tafi Faransa, Miskin ya tafi Togo. Dubi wannan ma'auni! An ɗora janar, tsohon shugaban hafsoshin ƙasa, a tafi ɗaya na sikeli, an ɗora madugun Kabo a ɗayan, aka ce sun yi daidai. Wannan ce ranar da ya fi kowace rana nauyi a rayuwarsa. Amma kafin a gama zartar da hukuncin, mutanen Bozize suka auka wa Bangi a ranar 25 ga Oktoba. Da aka kore su, sai aka bi ta kan 'yan Cadi mazauna gefen birnin, aka yi kisa a kasuwar shanu ta PK12 a ƙarshen watan. Gwamnatin Cadi ta ɗora wa Miskin alhakin jinin, haka kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH, wadda ta kai ƙara kotun duniya ta Heg a 2003 tana ambaton mutum uku: Patasse, da Bemba, da Miskin. Bemba kaɗai aka gurfanar. Aka kama shi a Beljiyam a 2008, aka yanke masa shekara 18 a 2016, aka wanke shi a ɗaukaka ƙara a 2018. Waɗanda aka kashe a kasuwar shanun kuwa, mahauta ne da dillalai da makiyaya, irin mutanen da muke gaisawa da su kullum a tike, kuma kotun Heg ba ta taɓa gurfanar da kowa a kan jininsu ba.

A ranar 15 ga Maris, 2003, mayaƙan Bozize suka shiga Bangi alhali Patasse yana cikin jirgi yana komowa daga taro a Yamai. Jirgin ya juya ya sauka a Yawunde, daga can mai shi ya wuce gudun hijira Togo. Ubangida ya faɗi, kuma bisa ga al'ada da bara ya bi shi. Amma Miskin ya riga ya koyi darasin da ya rayar da shi shekara goma sha shida bayan haka, watau cewa a wannan zamani mai bindiga ɗari wanda ba shi da suna ɗan fashi ne, a harbe shi a bakin hanya. In kuwa ya sa wa taronsa suna da haruffa huɗu na Faransanci, ya rubuta takardar koke, to, ya zama ɗan tawaye, a aika masa da jirgi. Sai ya kafa ƙungiya mai suna FDPC, wadda ta ce tana neman dimokuraɗiyya ga al'ummar Afirka ta Tsakiya.

Wajibi ne in tsaya a nan in faɗi abin da ya sami talakawa a shekarun nan, gama labarin manya yana iya rufe shi. Mayaƙan da suka ɗora Bozize a kan mulki, da yawansu 'yan Cadi, ba a biya su abin da aka yi musu alkawari ba, suka watsu cikin dajin arewa maso yamma suka ƙara yawan zargina. Hanyoyin mota sun sami masu tsaro, fatake sun fara aika kuɗi ta kamfanonin aike maimakon ɗauka a jiki, saboda haka sai sana'ar ta sauya fuska: aka bar tare hanya aka koma garkuwa da mutane, kuma aka fara da wanda ba shi da gata, watau Bororo. Za a zo ruga da dare a ɗauki yara, a bar wa uba wa'adi da adadi. Shi kuwa ba shi da asusu sai garkensa, dole ya kora shanu kasuwa ya sayar da su a farashin wanda wuƙa ke wuyansa, kuma sau da yawa mai sayen ya san dalilin sayarwar tun kafin shanun su iso. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga 2005 dubun dubatan Bororo suka ƙetaro zuwa gabashin Kamaru da Adamawa, mutanen da kakanninsu ba su taɓa riƙe fartanya ba suka zauna a sansanin 'yan gudun hijira suna jiran awo. Waɗansu 'ya'yansu kuwa, da suka ga babu garken da za su gada, suka shiga dajin da ya cinye garken. Wannan cuta ce ta haura har Mayo-Rai, ƙasar Tuboro da Rai-Buba, inda har yau arɗo ba ya barci da ido biyu.

Shi kuwa Miskin, a ranar 2 ga Fabrairu, 2007, ya zauna a birnin Sirt na Libiya ya sa hannu a kan sulhu da Bozize a gaban Mu'ammar Gaddafi, aka yi masa alkawarin afuwa da muƙamin mai ba shugaba shawara. Sulhun bai riƙe ba, mutanensa suka koma harbi a yankin Kabo. A ƙarshen 2012 ya raɓi gamayyar Seleka, wadda ta ci Bangi a ranar 24 ga Maris, 2013, Bozize ya gudu, shi ma ta Kamaru. Ba a yi wata guda ba Miskin ya ɓata da sababbin masu mulki, suka yi masa kaca-kaca, ya janye da ragowar mutanensa zuwa yamma, suka kafa sansani a wajen Zukombo, a kan hanyar da ta tashi daga Garwa-Bulai ta bi ta Buwar zuwa Bangi. Wanda ya san ƙasar ya san ba wurin banza ya zaɓa ba, gama Afirka ta Tsakiya ba ta da teku, kuma mafi yawan abin da Bangi take ci da sha da sawa daga tashar jiragen ruwa ta Duwala yake tasowa, ya bi ta wannan hanya guda. Direbobin manyan motocin kuwa da yaransu, da yawa daga cikinsu 'ya'yanmu ne na Ngaundare da Garwa da Marwa.

A watan Satumba na 2013 jami'an Kamaru suka kama shi a Bertuwa, aka kai shi Yawunde aka tsare. A watan Mayu na 2014 kuma shugaban Amurka Barack Obama ya sa masa takunkumi tare da mutum huɗu, cikinsu har da tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Bozize da Michel Djotodia. Mutane suka ce ta ƙare masa. Sai mutanensa suka shiga kwasar bayin Allah a bakin iyaka, 'yan Kamaru da 'yan Afirka ta Tsakiya, ba wanda ya ji kukansu a nesa. Sa'an nan a daren 12 ga Oktoba, 2014, suka shiga garin Babuwa suka ɗauki wani limamin Katolika ɗan ƙasar Folan mai suna Mateusz Dziedzic, suka ce ba su neman kuɗi, madugunsu suke nema. Nan da nan wayoyi suka kama aiki tsakanin manyan birane. A ranar 26 ga Nuwamba aka sako limamin tare da 'yan Kamaru goma sha biyar, kuma a cikin kwanakin nan aka buɗe wa Miskin ƙofa, jirgi ya kai shi Barazabil wurin shugaban Kwango Denis Sassou Nguesso, wanda shi ne mai shiga tsakani a rikicin Afirka ta Tsakiya. Na yi murna da tsirar waɗanda suka tsira, kuma ba zan zargi iyalin da ke kuka a kan sun so a yi musaya ba. Amma kowane yaro mai bindiga daga Zukombo har Tuboro ya ga abin da ya faru, ya kuma fahimci cewa ɗan Adam kuɗi ne da hukuma take karɓa, kuma gwargwadon girman wanda ka kama, gwargwadon saurin biya. Wata huɗu bayan haka aka tare motar mutanen Lagdo.

Malamanmu na fiƙihu suna da babi a kan wannan al'amari, wanda duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta kansa, watau babin hiraba, kuma asalinsa yana cikin aya ta 33 da ta 34 na Suratul Ma'ida. Muharibi shi ne wanda ya tsorata hanya, ya hana mutane bin ta da aminci, ko ya karɓi dukiya ta fuskar da mai ita ba zai sami agaji ba. A mazhabar Imamu Malik, shugaba yana yin ijtihadi cikin hukunce-hukuncen da ayar ta ambata, yana duban halin mutumin, kuma malamai sun ce ma'abucin ra'ayi da tsara dabara ya fi cancantar tsanani bisa ga wanda ba shi da komai sai ƙarfin damtse. Watau shari'a tana neman madugu da wanda ke bayansa kafin ta nemi yaron da ke ɗauke da buhun gari. Sa'an nan suka ce, in muharibi ya zo da tuba tun kafin a ci ƙarfinsa, haddin ya faɗi daga kansa, amma haƙƙoƙin bayi ba su faɗuwa: jinin da ya zubar da dukiyar da ya ci suna nan a wuyansa, sai masu su sun yafe ko an biya su. Ban kawo wannan domin in ce a yanke hannu a Yawunde ko a Bangi ba, gama kowace ƙasa da dokarta. Na kawo shi ne domin a ga abin da muka juya. A Marwa a 1998 an kashe ƙanana ba shaida ba alƙali. A Sirt da Barazabil an yafe wa babba ba tuba ba ramuwa. Kuma a dukan takardun da aka sa wa hannu, abin da aka sasanta shi ne haƙƙin mai mulki, watau a bar masa kujerarsa, amma haƙƙin Bororon da ya sayar da garkensa domin ya fanshi 'yarsa, ba wanda ya wakilce shi a teburin, balle a ce ya yafe.

Faɗuwar ta zo ba da wata ƙara ba. A ranar 6 ga Fabrairu, 2019, aka sa hannu a Bangi a kan sulhun da aka ƙulla a Hartum tsakanin gwamnatin Faustin-Archange Touadera da ƙungiyoyi goma sha huɗu masu ɗauke da makamai, FDPC tana cikinsu. Da aka raba muƙamai Miskin ya raina rabonsa, mutanensa suka toshe hanyar Zukombo, motoci suka yi jerin gwano a Garwa-Bulai, kaya suka yi tsada a Bangi. Aka sake rabo a watan Maris aka ba shi minista, bai je ya karɓa ba. Ya zaci kasuwar tana nan yadda ya bar ta, alhali ta tashi. Gaddafi ya mutu tun 2011, Patasse ma a shekarar ya rasu. Dajin yamma ya sami sabon mai ƙarfi, watau ƙungiyar 3R ta Sidiki Abbas. Kuma a cikin goma sha huɗun nan akwai masu riƙe da ramukan zinariya da lu'ulu'u da burtalin shanu, waɗanda ƙungiyarsa ba ta kai ƙafarsu ba. A ranar 5 ga Afrilu sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suka auka wa Zukombo suka buɗe hanya da ƙarfi, ba kuwa shugaban da ya ɗaga murya dominsa.

Daga nan ya bar Barazabil ya ɓulla a can ƙuryar arewa maso gabas, a Amdafok kan iyakar Sudan, yana neman tara sababbin mayaƙa, yana barazanar kifar da gwamnati, a ƙasar da ba tasa ba, tsakanin ƙabilun da ke yaƙin kansu. Da wuri ya yi masa zafi, sai ya ƙetara zuwa Cadi a watan Nuwamba na 2019, ƙasar da ta yi shekara goma sha bakwai tana riƙe da shi a zuci saboda Kabo da kasuwar PK12. Jami'an shugaban Cadi Idriss Deby suka kama shi suka kai shi Injamena. Bangi ta nemi a miƙa mata shi, Injamena ta ƙi. A ranar 20 ga Afrilu, 2020, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa sunansa cikin waɗanda aka hana tafiya aka kuma riƙe dukiyarsu, alhali mutumin yana bayan ƙofar da ba ya iya buɗewa. A wannan karo ba a ɗauki wani limami domin a fanshe shi ba, ba a kuma aiko da jirgi ba; ya shafe shekaru a tsare, sunansa yana ɓacewa daga rediyo kaɗan kaɗan.

A kwanakin baya na ambaci sunansa a wata majalisa a bakin kasuwa, sai na ga samarin da ke wurin ba su san shi ba. Wani dattijo dillalin shanu ne kaɗai ya ɗaga kai, ya ce ya tuna, sa'an nan ya juya maganar zuwa ga wani makiyayi na wajen Tuboro wanda ya kawo masa shanu a makon da ya wuce, a tsakiyar damina, lokacin da dabba take ƙiba kuma babu mai sayar da saniya mai ciki sai dole ta kama shi. Ya ce mutumin bai yi ciniki ba, abin da aka fara tayawa ya karɓa, ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya tambayi lokacin da motar ƙarshe take tashi.